Ƙarfen da Aka Sa a Kwatangwalo Ya Fara Ciwo: Shin Sai an Sake Aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena yana da ciwon sikila, kuma shekara tara ke nan da aka sa masa ƙarfe a kwatangwalon hagu bayan kan ƙashin ya lalace. Yanzu wata huɗu yana jin ciwo a cinya duk lokacin da ya miƙe daga zaune, kuma ƙafar kamar ta ɗan gajarce. Dangi suna cewa a kai shi wurin mai ɗori. Mene ne abin yi? Daga wata mai karatu a Ƙaura Namoda, Jihar Zamfara.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kada a kai shi wurin mai ɗori, domin ba karaya ce irin wadda ake ɗaurewa ba, kuma ja da matsa na iya fasa ƙashin cinyar da ke riƙe da ƙarfen.

Ciwon da ke tasowa a takun farko bayan zama, tare da gajarcewar ƙafa, yakan nuna cewa ƙarfen ya saki daga jikin ƙashi. Irin wannan gaɓa ta zamani, wadda likitan Ingila John Charnley ya inganta a farkon shekarun 1960, takan yi shekara 15 zuwa 20 ko fiye, amma takan riga lokacinta lalacewa a jikin matashi mai yawan zirga-zirga, musamman mai sikila wanda ƙashinsa ba ya samun isasshen jini.

Abin da ya fi damuna shi ne a tabbatar ko akwai ƙwayoyin cuta a wurin, domin wannan ne zai yanke irin aikin da za a yi. Za a ɗauki hoton ƙashi, a yi gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna ko akwai kumburi a cikin jiki, wani lokaci kuma a zuƙo ruwan gaɓar da allura a kai ɗakin gwaji. Saboda haka kada ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ya sha kafin gwajin, domin yana ɓoye cutar ba tare da ya kawar da ita ba. Idan babu ƙwayoyin cuta, a aiki ɗaya ake cire abin da ya saki a sa sabo. Idan kuwa akwai, galibi sai an shiga tiyata sau biyu: a cire ƙarfen, a sa siminti mai ɗauke da magani a gurbinsa, a ba shi magani na kimanin mako shida, sannan a dasa sabon ƙarfe bayan cutar ta mutu.

Aikin gyara ya fi na farko tsawo da zubar jini da tsada, don haka a fara neman masu ba da jini cikin dangi tun yanzu, kuma likitan jini ya duba shi kafin ranar. Jinkiri ba ya amfani, domin ƙarfen da ya saki yana ci gaba da cin ƙashi.

Ku je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau a fara gwaje-gwajen, daga nan a tura ku wurin ƙwararru, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ku tafi da takardun aikin farko masu ɗauke da suna da girman ƙarfen. Kafin nan, ya riƙa dogara sanda a hannun dama, ya daina tsugunno, ya yi salla a kan kujera.