Tanar roba don fatsar kifin bas

Tambaya: Malam, a Amurka nake, na fara fatsar bas da ƙugiya mai kan dalma da ake karkaɗawa a ƙasan ruwa. Wane koton roba ya dace?

Amsa: Ɗan'uwa, nemi miƙaƙƙiyar tanar roba mai inci 5 zuwa 7, dalma kuma giram 3.5 zuwa 7. Jelar ce abin lura: dole ta tsaya sama, rawarta ke jawo kifi. Tanar da aka cuɗa robarta da gishiri da yawa nauyi gare ta, kwanciya take yi, don haka gwada ta a bokiti tukuna. A ruwa garau sa koriya mai duhu, a gurɓatacce baƙa. Soke ta a ƙugiyar a miƙe, in ta lanƙwashe juyi za ta yi, ta murɗe zare.