Ga 'yar uwar da nobel ya hana ta karatu

Wallahi 'yar uwa, da na ga tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce kina aji ɗaya, nobel ya hana ki buɗe handawut, kina tambaya ko gajerun labarai za su iya maye miki gurbinsa.

Ni a yajin aikin malaman jami'a na 2022 abin ya kama ni, wata takwas ɗin nan da muka yi a gida. Na shiga wani gurup na WhatsApp da ake sakin labari shafi-shafi. Marubuciyar ta ja mu da na kyauta har zuwa ranar da aka ɗaura wa yarinyar aure da wanda ba ta so, sannan ta ce sai an biya. Na biya da kuɗin ankon da Mama ta ba ni. Muka koma makaranta ban rabu da shi ba. Daren wata jarrabawa an ɗauke wuta, 'yan ɗakinmu duk sun tafi aji karatu, ni ina ƙudundune cikin gidan sauro, caji saura kaɗan, ina ce wa kaina shafi ɗaya kawai. Kiran assalatu ne ya dawo da ni hayyacina. Na shiga jarrabawa ido kamar an zuba barkono, na riƙe biro hannuna na rawa. Kwas ɗin nan sai da na maimaita shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, baiwar Allahn nan ba ta ƙarasa labarin ba. Yau waya ta lalace, gobe ba lafiya, duk wadda ta yi magana a cire ta. Ƙarshe ta rufe gurup ɗin ta fara tallan sabon littafi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Gajeren labari ba ya riƙe ki haka. Irin na gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ba ya wuce kalma 1,500. Kafin malami ya shigo lakca kin gama, kin san ƙarshensa, hankalinki ya dawo jikinki. Kada wani ya ce miki ba shi da zurfi, akwai wanda na wuni ina juya shi a raina.

Ban ce ki bar nobel ba, ni ma ina sonsa. Ki ajiye shi sai hutu, kuma wanda aka kammala. Gurup ɗin ki fita gaba ɗaya, kashe ƙararsa ba ya hana leƙawa, na gwada. Sannan don Allah in sakamako ya fito ba daɗi kar ki ɓoye a gida. Ni na ɓoye wa Mama kusan shekara, ranar da ta sani kuka ta yi, ba faɗa ba.

In dare ya yi ki miƙa wa ƙawarki wayar ta ajiye miki har ki gama handawut ɗaya.