An kira mu taro kan filin unguwa: in je ko in zauna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Mabera, cikin garin Sakkwato. Bayan masallacinmu akwai fili da ya zama juji, da damina kuma tafki. Bara waccan an zo an dasa itatuwa, ba wanda ya shawarce mu, ko ɗaya bai rayu ba. Yanzu mai unguwa ya ce za a gyara wurin, ana son jin ta bakinmu. Anya ba ɓata lokaci ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka rufe shago ka je, ka kuma ja maƙwabta.

Ba ƙaddara kaɗai ta kashe itatuwan nan ba. Ruwan Sakkwato daga Yuni ne zuwa Satumba. Bayan nan dashe zai sha hunturu, ya shiga bazarar da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, ga awaki na yawo da yunwa. A unguwarmu na ga irin wannan da idona: aka jera dashe a bakin titi, aka ɗauki hoto, aka watse. Guda ɗaya ya tsira, wani dogon yaro da mai shayi ya kewaye da ƙaya, kullum yana zuba masa ruwan ɗauraye kofuna. Yau a inuwarsa 'yan acaba ke shan iska. Saboda haka tambayarka ta farko a taron ita ce: wa zai ba da ruwa daga Oktoba zuwa Mayu? Ku nemi a raba itatuwan gida-gida, kowane da mai shi, a kuma ja ruwan alwala na masallaci zuwa gindinsu maimakon ya kwanta a hanya.

Wanda zai zana taswirar wurin, mai yiwuwa da rani zai zo, ya ga ƙasa busasshiya. Ku ne kuka san ta inda ruwa ke shigowa cikin Agusta da gidan da yake fara ci. Mu da muka ga ambaliyar 2010 ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba ma raina ruwa. In aka shafe filin duka da siminti, ruwan da ƙasa ke shanyewa zaurukanku zai nufa. Ku dage a bar kwarin da ƙasarsa, a yashe magudana, a kuma sama wa shara wani wuri, in ba haka ba jujin zai dawo.

Batun irin itace kuwa yana taɓa ni ƙwarai. Dubi sunayen garin nan: Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Gawon Nama, Rijiyar Ɗorowa. Kakanninmu da itatuwa suke kwatance, yau yaro zai girma a Gawon Nama bai san kamannin gawo ba. Alhali gawo da rani yake ganye, daidai lokacin da muke neman inuwa. Ku tambayi dattawanku abin da ke tsaye a filin a da. Tsamiya na da jinkirin girma amma tana daɗewa. Mangwaro sai inda ruwa ya wadata.

Taron ƙofar masallaci bayan la'asar na maza ne, su kuwa mata su suka san inda yara ke faɗawa cikin ruwa. A aika Islamiyyar matan aure a ji nasu. Samarin da ke buga ƙwallo a wurin su ma a zauna da su, a ware musu gefe, su za su fi kowa tsaron dashen.

Kafin ku tashi, Malam, a rubuta abin da aka amince a gaban mai unguwa da liman, a sa ranar da za a dawo muku da zanen ku gani kafin a sa diga. Dashen kuma a jira Yuli, ruwa ya zauna.