Me ya sa masu kwasar shara suke tsallake kwandona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Don Allah ki warware min wani abu da ya ɗaure min kai. Wata biyu kenan da muka tare a sabon gida, kansil ɗin wurin, wato ƙaramar hukuma, sun ba mu kwandon shara har uku da wani ɗan bokiti mai murfi, ɗaya na shara zalla, ɗaya na kayan da ake sake sarrafawa, ɗaya na ciyawa da ganye, bokitin kuma wai na ragowar abinci. Ni dai ina iya bakin ƙoƙarina, duk abin da na ga roba ne ko kwali sai in ƙulle a leda in jefa inda ya kamata, amma sau biyu kenan motar na zuwa ta kwashe na maƙwabta ta bar nawa da sitika a manne wai akwai abin da bai dace ba. Maigidana ya ce wahalar banza nake, ai duk bola ɗaya ake kai su. Wai haka ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun ban kai ƙarshen saƙonki ba na kama ɓarawon, ledar nan ce da kike ƙullewa. Kin ga, kayan nan wani kamfani ake kai su a zube su kan bel mai tafiya, maganaɗisu ya zuƙe gwangwanin ƙarfe, wani injin ya cillo na alminiyom gefe, na'ura mai haske ta tantance kalar roba, ga kuma ma'aikata a tsaye suna tsince abin da ya kuɓuce da hannu, to wa ke da lokacin kwance ƙullinki ya ga abin da ke ciki? Ba wanda ya san ko kwalba ce ko famfas ɗin yara, sai a wurga ta cikin shara kawai. Ita kanta ledar ma masifa ce, nannaɗe injin take yi sai an kashe shi an yanke ta. Don haka ki riƙa zuba kayan a warwatse, sai dai in kansil ɗinku ne da kansu suka ba ku ledarsu ta musamman.

Na biyu, datti. Ba wai ki zauna kina dirzar gwangwani da sabulu ba, ki ɗauraye da ruwan da ya rage bayan wanke-wanke ya isa. Matsalar tana wajen takarda da kwali, in maiƙo ko miya ta jiƙa su an gama, ba sa sake moruwa. Rasit ɗin kanti mai santsin nan, tishu, kofin gilashi da ya fashe, madubi, duk shara ne. Gilashin kofi da na kwalba ba a zafi ɗaya suke narkewa ba shi ya sa. Baƙar roba ma sau da yawa na'urar ba ta ganinta. Sannan alamar kibiyoyi uku da lamba a tsakiya ba ta nufin za a karɓa, nau'in robar kawai take faɗa, lamba 1 da 2 su ne kusan ko'ina ake karɓa, sauran sai kin duba takardar da aka ba ku. In kina kokwanto a kan abu gara ki jefa shi a shara zalla, wannan "bari dai in sa ko Allah zai sa" ɗin shi ke jawo sitika.

Maigida kuma yana da 'yar gaskiya amma ba duka ba. Lodin da ya ƙazantu da yawa akan mayar da shi a ƙone ko a binne, mai tsafta kuwa kuɗi ne, sayar da shi ake yi. Gwangwanin alminiyom kaɗai, narka tsoho yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na wutar da za a ci wajen yin sabo.

Bokitin abincin nan kar ki raina shi. Abinci in aka binne shi a bola inda iska ba ta shiga, gas yake fitarwa mai ƙara ɗumamar yanayi, amma in aka tara shi daban ana rufe shi a manyan tankuna a samu gas na wuta da taki na gona. A Ingila ma doka ta sa ranar 31 ga Maris 2026 a matsayin wa'adin da kansiloli za su fara kwasar ragowar abinci daga gidaje duk mako. Ɓawo, ƙashi, dafaffen abinci, duk a bokiti. Kar ki haɗa su da kwandon ciyawa sai in an rubuta an yarda, don ita ciyawa galibi a fili ake jibge ta ta ruɓe, nama a wurin gayyatar ɓera ne. Maganar wari kuma, shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasan bokitin, ki tsane ruwan abinci kafin ki zuba.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni tsofaffin batira ne da wata matacciyar waya suka taru min a durowa, wane kwando zan sa su? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Lafiya lau ƙanena. Babu ko ɗaya, na roƙe ka! Batirin litiyom in motar shara ta matse shi wuta yake kamawa, gobara nawa aka yi a motoci da wuraren tantance shara ta dalilinsa. Ka manna salatif a bakin kowanne, ka kai wurin tara kayan lantarki na kansil ɗinku, manyan kantuna da yawa masu sayar da batir ma suna ajiye akwatin karɓa kusa da ƙofa. Wayar kuma in tana kunnuwa ko kaɗan ka goge komai naka ka cire sim kafin ka miƙa.