Kar ka sayi sabuwar altaneta tukuna, fara awo da mita

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta bayaninka, ka ce kana kunna injin dizal na jirgin ruwanka mai tafiya da iska har awa biyu amma kafin asuba batir ɗin fitilu da firij ya mutu, kuma wai an ce maka altaneta ce, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, ta tafi ka sayi sabuwa. Don Allah dakata, ni ma haka aka taɓa ce min na je na kashe kuɗi a banza.

Abu na farko samo mita, irin ƴar ƙaramar nan ta masu gyaran wuta, ka sa ta a DC. Kashe komai ka bar batir ya huta ko da awa uku ne, sai ka auna a kan batir ɗin kansa ba a allon jirgi ba, don mitar allo tana yawan yin ƙarya. Batir mai bolt 12 irin na ruwa in ya cika zai nuna 12.6 ko 12.7, in ka ga 12.2 to kusan rabi ya rage, in kuwa ya tsaya wajen 10.5 to akwai alamar ɗaki ɗaya cikin shidan nan na ciki ya mutu, wannan ko kwana za ka yi kana caji ba zai tashi ba. Sai ka tada inji ka ɗan ƙara masa wuta sama da silo, ya kamata lambar ta riƙa hawa har ta kai tsakanin 13.8 da 14.4. In batir ya yi ƙasa sosai ba lallai ta kai nan take ba, amma dai ka ga tana hawa. In ta zauna daram inda take kamar ba a kunna inji ba, caji ba ya isowa.

To nan ne mutane ke saurin yanke hukunci, su ce shi ke nan altaneta. A'a. Ɗauki mitar nan ka je bayan altanetar ka auna a babban notin da jar waya ke fita, inji na aiki, ka kula da hannun riga da bel fa. In can ka samu 14 da ƴan kai amma a batir 12 da wani abu, altaneta lafiyarta ƙalau, a hanya wutar ke ɓacewa.

Abin da ya same ni ke nan. Wani mai gyara ya duba minti biyar ya ce ta ƙone, na saya na ɗaura, washegari matsala na nan yadda take. Haushi ya sa na kwanta rub da ciki a ɗakin inji da tocila a baki ina bin baƙar waya, wadda ta taso daga batir zuwa jikin inji. Daga waje tsaf take, noti a ɗaure, har fenti a kai. Da na ɗan ja ta sai na ji tana ƙara kamar busasshen kara, na yanka robar sai ga wani koren gari yana zubowa a tafin hannuna, tagullar ciki duk gishirin teku ya cinye ta, silin da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Inji yana tashi da ita da ƙyar, ni kuma ina ta zargin kik. Na canza wayar, na goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, na shafa giris, mita ta nuna 14.2 a batir. Tsohuwar altanetar har yau tana cikin akwati, ba abin da ya same ta. Don haka ka auna tsakanin notin altaneta da jan kan batir lokacin da ake caji, sannan tsakanin jikin altaneta da baƙin kan batir, in ka ga asarar ta doshi rabin bolt a ɗayansu to bi wayar nan haɗi bayan haɗi.

Bel kuma, inji a kashe, danna shi da babban yatsa a tsakiya, kada ya lotsa fiye da kamar santimita 1. Baƙar ƙura a gaban inji ko ƙara ƙiii in ka ba shi wuta, zamewa yake yi.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, jar fitilar caji ɗin nan ta allo ba ado ba ce. A injuna da dama ta cikinta ƴar wutar da ke tada altaneta take bi, in ƙwan ya mutu ko siririyar wayarsa ta tsinke, altaneta za ta yi ta juyawa ba ta ba da komai, ko sai ka ba inji wuta sosai ta farka. Murɗa makulli kafin ka tada inji, fitilar ta kama? In ba ta kama ba fara daga nan, ƙwai ne mai arha.

Sannan ina da tambaya, kuma ka faɗi gaskiya, kai ko wani a jirgin ya taɓa murɗa babban makunnin batir zuwa kashe alhali inji na aiki? Daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙona dayod ɗin cikin altaneta, wato ƴan abubuwan da ke mai da wutarta ta AC zuwa DC, saboda wutar da take turowa ta rasa inda za ta je. Mai da mita AC ka auna a bayan altanetar, in ya wuce 0.5 akwai zargin dayod. Ko hakan ne ma ana gyarawa, dayod da burushi duk ana canza su, ba sai an jefar da ita ba.

In jirginka yana da akwatin dayod mai raba caji tsakanin batir ɗin inji da na fitilu da firij, shi kaɗai yana cinye kusan 0.7, sai altaneta ta ba da 14.2 batir ya samu 13.5, ba zai taɓa cika yadda ya kamata ba. Kuma wata gaskiyar, awa biyu ba ta cika batir ɗin ruwa da aka zuƙe, farko yana karɓa da sauri, daga kusan kashi 80 sai ya koma sha a hankali, kuma barin sa rabi-rabi kullum shi ke kashe shi. Alamar wanda ya gaji haka, kana tada inji cikin ƴan mintuna ya haura 14 kamar ya cika, kana kunna firij ya faɗo.

Turo mana lamba uku, ta batir bayan ya huta, ta batir inji na aiki, da ta bayan altaneta, ka kuma faɗi shekarun batir ɗin da ko na ruwa ne ko litiyam don shi nasa lissafin daban ne.