Amsa ga Hajiyar da kare ya fake a barandarta bayan guguwar Beryl

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannunku da wannan jarrabawa, Allah Ya mayar da alheri. Na karanta tambayarki: tun ranar Litinin 8 ga Yulin 2024 da guguwar Beryl ta ratsa birnin Houston na jihar Texas a Amurka wani kare ya fake a barandarku, a jiƙe, yana ɗingishi, babu abin wuya. Yara suna son ba shi abinci, ke kuma kina tsoron cizo da najasa. Ga kyanwarku ta shige ƙarƙashin gado, kwana biyu ba ta ci komai ba, kuma har yanzu ba a dawo muku da wuta ba. Wasu sun ce ki kore shi, wasu sun ce ki kira hukuma su kwashe shi. Ni ban goyi bayan ko ɗaya ba. Na yi aikin sa-kai a wurin tara dabbobi bayan guguwar Harvey a 2017, kuma abin da zan faɗa miki a can na koye shi, daga abin da idona ya gani da kuma bakin likitocin dabbobin da muka yi aiki a ƙarƙashinsu.

Bari in fara da kyanwar, domin ita ce ta fi gaggawa. Kare lafiyayye zai iya jure 'yan kwanaki ba abinci matuƙar yana shan ruwa. Kyanwa ba haka take ba. Idan ta daina ci, jikinta yakan kwaso kitse ya tara a hanta, hantar ta kasa aiki, musamman in mai ƙiba ce. Kada ki jawo ta da ƙarfi daga inda ta ɓuya. Ki rufe ƙofar ɗakin, ki kai mata ruwa da kwanon yashin da take kashi da fitsari a ciki kusa, ki buɗe abincin gwangwani mai ƙamshi ko ɗan kifin tuna na cikin ruwa, ki hana yara shige da fice. Ki shafa ɗan abincin a yatsa ki miƙa mata, sau da yawa daga lasa ɗaya ake farawa. In gobe ta yi ba ta ci ba, ki nemi asibitin dabbobi da ke da wuta ki kai ta, kada ki jira kwana na huɗu. Idan kuma namiji ne, ki lura da fitsarinsa. Firgici yakan jawo toshewar mafitsara ga muzuru. In kika ga yana yawan zuwa kwanon yashi, yana yunƙuri yana kuka ba abin da ke fita, wannan ba ya jiran wayewar gari, cikin kwana ɗaya ko biyu yake kisa. Kuma kada ki bar ta ta leƙa waje a makonnin nan. Ruwa ya wanke warin da take gane hanya da shi, itatuwa sun faɗi, ga ƙarar injinan yankan itace ko'ina. Kyanwar da ta firgita ta fita a irin wannan lokaci, nemo ta aiki ne.

Sai karen. Hajiya, kusan ina da yaƙinin karen nan yana da mai shi, kuma gidansu ba shi da nisa da naku. Beryl ba irin Harvey ba ce. Harvey ruwa ce ta zo da shi, ta tsaya a kanmu kwanaki tana zuba, wasu wurare sama da inci 50, har aka buɗe madatsun Addicks da Barker unguwanni suka nutse, aka riƙa kwashe mutane da dabbobi a kwale-kwale ana kai su nesa. Beryl kuwa iska ce ta fi ɓarna. Ki duba layinku ki ga shingen katako nawa ne a kwance. Shinge ya faɗi, aradu ta firgita kare, ya kutsa ta kafa, abin wuyan ya maƙale ya zame, shi ke nan ya zama kamar marar gata. Wanda ya zo baranda ya kwanta yana kallon ƙofa, ya saba da mutane ne.

Shi ya sa na ƙi maganar kora. In kika kore shi, titi zai hau, ga fitilun kan hanya ba sa aiki, ga wayoyin wuta a ƙasa. Shi ya sa kuma ban so a yi gaggawar kwashe shi. Gidajen ajiyar dabbobi na yankin nan a cike suke tun kafin guguwa, balle yanzu. A filin wasanni da taro na NRG, inda ƙungiyar ceton dabbobi ta Best Friends ta buɗe wurin haɗa dabbobi da masu su bayan Harvey, ni aikina wanke keji ne da zagayawa da karnuka. Na ga mutanen da gidansu ya nutse suna bin layin keji ɗaya bayan ɗaya da hoto a waya, su kai ƙarshe su juyo ba su samu ba. Wani nasa yana can wata unguwa a hannun mai tausayi da bai sanar da kowa ba, wani kuma an riga an wuce da nasa wani gari. Tun a guguwar Katrina a 2005 aka ga wannan: an ceto dubban dabbobi, an tara da yawa a filin baje koli na Lamar-Dixon da ke garin Gonzales a Luwiziyana, daga nan aka rarraba su jihohi, kuma mafi yawansu ba su koma hannun masu su ba, wasu har kotu aka je. Mutane da dama sun ƙi barin gidajensu a lokacin saboda an hana su tafiya da dabbobinsu, abin da ya sa aka kafa dokar PETS a 2006, wadda ta wajabta wa jihohi su sa dabbobin gida cikin shirin kwashe jama'a. Albarkacinta ne a Harvey aka bar mutane suka fake a zauren taro na George R. Brown da karnukansu da kyanwoyinsu. Abin da na fahimta dai shi ne, duk taku ɗaya da aka nisanta dabba daga inda aka tsince ta, an rage damar komawarta gida. Alherin da ya fi kowanne shi ne ki riƙe shi a inda yake na 'yan kwanaki, a raye, ki kuma yi shela.

Maganar najasa, na fahimce ki, haka muka taso. Ba sai ya shiga ɗaki ba, ba sai ya kusanci dardumar salla ba. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, jikinsa da yawunsa, wanke kwano sau bakwai in ya sa baki kuwa umarni ne da ake bi don ibada. Wasu mazhabobin sun fi tsanantawa, sai ki bi abin da malaminki ya karantar da ke. Ko a wace kike, mafita mai sauƙi ce: ki ware masa kwanonsa, ki sa safar hannu, ki wanke abin da ya lasa. Kuma kin san hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa. Ni wannan ne ya riƙe ni a ranakun da warin keji ya kusa kora ta.

Tsoron cizo kuwa yana kan hanya, kada kowa ya raina miki shi. Karen da ke jin zafi yana cizon ma mai shi. Yara su tsaya daga ciki su kalla ta taga. Babba ɗaya ya fita, ya tunkare shi a kaikaice, kada ya zuba masa ido, kada ya sunkuya a kansa, ya ajiye ruwa ya ja baya. In ya sha yana kaɗa wutsiya a sake, jikinsa ba a sandare ba, to an fara sabo. In yana gurnani, yana yage baki, ko yana tangaɗi yana zubar da dalala, ko kika ga ƙashi a karye, ku bar shi, ki kira 311 a haɗa ki da BARC, hukumar kula da dabbobi ta Houston, in cikin birni kike, ko Harris County Pets in a wajen birni ne. In ƙaddara ta sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kuma kada a kore shi. Dokar Texas ita ce a tsare dabbar da ta yi cizo kwana 10 a ga ko tana da ciwon hauka, kuma ganinsa a hannu shi zai sauƙaƙa wa likita shawara kan allurai.

Ruwa ya fi abinci muhimmanci a wannan zafi, kuma ruwan da za ki iya sha shi za ki ba shi. Kada ya sha na kwata ko na kududdufi. Ruwan da ya kwanta bayan guguwa yana ɗauke da fitsarin ɓera, a cikinsa akwai ƙwayar cutar leftosifirosis mai lalata ƙoda da hanta, kuma tana kama mutum. Ba nan take take nunawa ba, sai bayan mako guda ko biyu a ga zazzaɓi, amai, kasala, ido ya yi rawaya. Abinci kuma kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a yini, domin cikin da ya kwana biyu a wofi in aka cika shi amai da zawo ne za su biyo. In babu abincin karnuka, farar shinkafa da dafaffiyar kaza ba gishiri ba ƙashi ta wadatar. Kada a juye masa ragowar miyarmu: albasa da tafarnuwa suna farfasa jinin kare da kyanwa. Haka inabi, zabibi da cakulan, a nisanta su. Ga wani abu da nake gani duk lokacin da wuta ta ɗauke: naman firiza ya narke ya fara wari, sai a ce a ba kare kada a yi asara. Firji awa 4 yake riƙe sanyi, firiza cikakkiya kamar awa 48. Abin da ya lalace gare ki ya lalace gare shi.

Ɗingishin nan, galibi ƙusar rufi ce ko gilashi a tafin ƙafa. In ya yarda a taɓa shi, Alhaji ya riƙe, ki duba tsakanin yatsu, ki wanke da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri. Abin da ya nutse ciki a bar wa likita. Don Allah kada ki ba shi maganin ciwon jikinmu. Advil da danginsa suna huda cikin kare su taɓa ƙoda. Panadol kuwa, wanda a nan ake sayarwa da sunan Tylenol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin, guba ne ga kyanwa ko da gogar jikin karen kawai ta yi. In ya shiga ruwan datti, a yi masa wanka da sabulun wanke-wanke na Dawn, shi muke amfani da shi a wurin aiki, a ɗauraye sosai, a duba ciki da hammata ko jajayen cinnakun nan sun cije shi, domin bayan ruwa sukan dunƙule su yi iyo su hau duk abin da suka taɓa.

Wurin kwana shi ne inda mutanen kirki suke kashe dabba ba da niyya ba. Kada ki kulle shi a gareji. A Yulin Houston gareji rufaffe ya fi waje zafi, kare kuma ba ya gumi irin namu, da haki yake huce jiki. In kuna kunna janareto, to ya zama a fili, aƙalla ƙafa 20 daga gida, nesa da shi da ku, domin hayaƙinsa marar wari ne, kuma kusan kowace guguwa sai ya ci rayuka bayan iska ta lafa. Inuwar baranda ko bayan gida mai iska ta fi, da ruwa a gefe. In kika ga haki ya tsananta, dasashi ya yi ja wur, yana layi, ki zuba masa ruwan famfo a ciki da ƙafafu, ki yi masa fifita, a nufi asibiti. Ɗauri da sarƙa haramun ne a dokar Texas tun Janairun 2022. Keji babba ya fi, ko doguwar igiya da zai iya kaiwa ga inuwa da ruwa.

Shela kuma ki fara ta yau. Tun 2022 birnin Houston ya wajabta sa wa karnuka da kyanwoyi maikurocif, 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake cusawa ƙarƙashin fata a tsakanin kafaɗu. Asibitocin dabbobi da gidajen ajiya suna dubawa kyauta, cikin minti ɗaya lamba ta fito a kira mai shi. Ki buga waya tukuna, da yawa ba su buɗe ba saboda wuta. Ki ɗauki hotonsa ki sa a shafukan intanet na Nextdoor, PawBoost, Petco Love Lost da shafukan cigiya na unguwarku a Facebook, ki kuma sanar da BARC cewa yana hannunki. Sai dai ki tuna mai shi ma wataƙila ba shi da wuta ba shi da intanet, ko ya kwashe iyali zuwa Austin ko Dallas. Don haka takarda da babban rubutu, da Turanci da Sifaniyanci, a manna a mararrabar layi da shagon mai, ita ta fi aiki a makon nan. Ki tambayi mai kawo wasiƙu, sun san karnukan kowane gida. Ki ɓoye alama ɗaya, kamar tabo ko launin wani yatsa, wanda ya ce nasa ne ya faɗe ta ko ya nuna tsohon hoto, domin akwai masu karɓar karen da ba nasu ba. A yi miƙawar da rana, Alhaji yana nan.

'Yan'uwa masu kaji da awaki a wajen gari, wajajen Katy da Rosenberg, ku ma ku zubar da dusa da ciyawar da ta jiƙe ta yi funfuna, ku fitar da awaki daga laka kafin kofato ya ruɓe, ƙwan da ruwan datti ya taɓa kuma a yar.

In mako biyu suka wuce ba wanda ya zo, a lokacin asibitoci sun buɗe, sai a kai shi a yi masa rigakafin hauka, a gwada jininsa saboda tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa, a sake gwadawa bayan wata 6 domin sabon kamu ba ya nunawa da wuri. Daga nan a nemi ƙungiyar da za ta samo masa gida, ba dole ne ki riƙe shi ba. Ita ma kyanwar, in ta warware, a sa mata maikurocif a sayi kejin ɗauka, domin lokacin guguwa sai 30 ga Nuwamba yake ƙarewa. Ina da babban keji da buhun abincin karnuka a ajiye. Ki gaya wa Alhaji ya yi mini magana, in sha Allahu zan kawo muku bayan la'asar, mu duba ƙafar tare.