Tambaya da Amsa: Ta wace ƙofa injiniyan sinadarai zai shiga kamfanonin fasaha?

Assalamu alaikum. Na karanta injiniyancin sinadarai, yau shekara huɗu ina aiki a masana'antar taki. Ina so in koma kamfanonin fasahar zamani, amma abokai suna ce mini sai na ajiye digirina gefe na fara koyon rubuta manhaja daga tushe. Haka abin yake?

Wa'alaikumus salam, Malam. Abokanka sun nuna maka ƙofa ɗaya, kuma ita ce ta fi cunkoso. A can za ka yi gogayya da waɗanda suka shekara huɗu suna karatun kwamfuta, kai kana ɗan koyo. Akwai ƙofofin da digirinka ne mabuɗinsu.

Babbarsu ita ce masana'antar cif, wato ƙwaƙwalwar da ke cikin waya da kwamfuta. Sunanta dai na lantarki ne, amma babban kaso na aikin da ake yi ciki na sinadarai ne. Faifan silikon mai faɗin milimita 300 yakan bi matakai ɗaruruwa, kusan wata uku kafin ya fito. A shimfiɗa masa fata siririya daga iskar gas, a shafa masa sinadari mai jin haske, a haska masa zane, a zaizaye inda ba a so da filasma (gas mai ɗauke da cajin lantarki), a goge shi da ruwan gogewa, a wanke, a sake. Shimfiɗa fata darasin saurin haɗuwar sinadarai ne da tafiyar iska da zafi, irin wanda ka rubuta wa jarrabawa. Shi ya sa TSMC na Taiwan da Samsung na Koriya ta Kudu da Intel na Amurka suke ɗaukar masu irin digirinka a matsayin injiniyan mataki. Andy Grove, wanda ya zama shugaban Intel a 1987, injiniyan sinadarai ne har zuwa digirinsa na uku.

Injiniyan mataki yana riƙe da mataki guda da injinansa. Da safe zai duba jadawalin kaurin fatar da aka shimfiɗa cikin dare. Idan awo ya tsallake iyaka, zai tsayar da injin, ya killace fayafayan da suka bi ta ciki, ya shiga bin diddigi: bawul ɗin gas ne ya karkace, ko datti ya taru a bangon tukunyar, ko ma'aunin ne kansa ya yi ƙarya? Abu biyu za su fi yi maka amfani a intabiyu. Na farko, sa ido kan inganci ta hanyar ƙididdiga, SPC, har ka iya bayyana dalilin da ya sa ake son Cpk, wato ma'aunin yadda awo ke zama cikin iyakar da aka gindaya, ya kai 1.33. Na biyu, tsara gwaji, DOE, yadda za ka motsa zafi da matsi da gudun gas a tare cikin gwaji takwas maimakon ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Manhajar ƙididdiga ta JMP ta yaɗu a wannan fage, Minitab ma haka.

Kada mu ɓoye maka wahalar. Masana'antar ba ta barci, don haka akwai aikin dare da kiran gaggawa. Za ka wuni cikin rigar da ta rufe ka daga kai har ƙafa, saboda ƙura ɗaya tana iya kashe cif. Ana aiki da asid ɗin HF mai ratsa fata, da gas ɗin silen mai kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska. A nan sanin tsaron masana'anta da ka samu a wurin taki zai ɗaga ka a kan sabon ɗalibi. Idan kuma kana son tafiye-tafiye, ka leƙa masu ƙera injinan: Applied Materials, Lam Research, Tokyo Electron, da ASML na Holan. Ka lura, wasu guraben suna da sharaɗin ɗan ƙasa ko izini na musamman saboda dokokin fitar da fasaha, ka karanta tallar har ƙarshe kafin ka nema.

Ƙofa ta biyu batir ne, irin na CATL da LG Energy Solution da Panasonic. Ana dama garin sinadarin da ke riƙe caji da manne da ruwan narkarwa, a shafa kwaɓin a kan fallen alminiyam ko na jan ƙarfe, a busar, a matse tsakanin ƙarafa biyu masu jujjuyawa. Idan aka gaggauta busarwa, mannen sai ya gudo sama, shafin ya tsage ko ya ɓare daga fallen. Ɗakin haɗawa kuwa ana busar da iskarsa ƙwarai, don gishirin LiPF6 da ke cikin ruwan batir yana haɗuwa da laima ya haifar da HF. Wanda ya san dama kwaɓi da busarwa bai zo baƙunta ba.

Ni mace ce, na gama digiri bara. Aikin nazarin bayanai nake so, ba na masana'anta ba. Me zan koya, kuma da wanne zan fara?

'Yar'uwa, ki fara da Python, harshen rubuta manhaja, tare da kayan sarrafa bayanansa, pandas da NumPy. Sai SQL, harshen zaƙulo bayanai daga rumbunsu, wanda yawancin masu sauya fage suke rainawa, alhali kusan kowace intabiyu ta wannan aiki sai an gwada mutum a kansa. Sai Git, manhajar adana sauye-sauyen da kika yi, don a ga tarihin aikinki. Koyon na'ura, wato koya wa kwamfuta yin hasashe daga bayanai, ya zo daga baya. Idan kina ba shi sa'a biyu kullum, ki sa ran wata shida zuwa tara kafin ki sami abin nunawa.

Abin nunawar ya fito daga fagenki. Akwai bayanan gwaji na Tennessee Eastman, kwaikwayon masana'anta da Downs da Vogel suka wallafa a 1993, ana samunsu kyauta, da nau'o'in matsala iri-iri a ciki. Ki gina abin da zai gano matsala da wuri, ki rubuta shafi ɗaya kan abin da kika samu da inda tsarin ya gaza. Ko ki kwaikwayi hasumiyar tacewa a manhajar DWSIM, wadda kyauta ce, ki sarrafa ta da Python.

Ga kuskuren da ke kayar da mutane: su cakuɗa layukan bayanai kafin su raba waɗanda za a koyar da tsarin da su da waɗanda za a gwada shi da su. Awon ƙarfe 10:01 kusan ɗaya yake da na 10:02, to idan ɗaya ya faɗa koyarwa ɗaya ya faɗa gwaji, tsarin ya leƙa amsa ke nan. Sakamako zai yi kyau a kwamfutarki, ya rushe a wurin aiki. Ki raba bisa lokaci, watannin farko na koyarwa, na ƙarshe na gwaji. Ki kuma cire lokutan da aka kashe injin, da na'urar awon da ta maƙale tana maimaita lamba ɗaya.

Wajen neman aiki, ki soma da kamfanonin da ke sayar wa masana'antu manhaja: AspenTech mai Aspen Plus da HYSYS, AVEVA mai PI System, da Honeywell da Siemens da Yokogawa. Suna buƙatar wadda za ta zauna da abokin ciniki ta gane abin da yake nufi. Daga nan tsallakawa zuwa kamfanin manhaja zalla ya fi sauƙi.

Na ji ana cewa cibiyoyin ajiye bayanai suna ɗaukar injiniyoyin sinadarai. Me zai kai mu can?

Zafi, Malam. Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha tana komawa zafi. Kantar kwamfutoci mai cin kilowat 100, idan ruwa zai shiga ya fito da ƙarin zafin digiri 10, tana buƙatar kusan kilogiram 2.4 na ruwa a daƙiƙa, wajen lita 143 a minti. Ragowar aikin ka san shi: na'urar musayar zafi, famfo, hasumiyar sanyaya, da maganin tsatsa da gansakuka a bututu. Ka ƙara da sanin PUE, wato wutar da ginin duka ya sha a raba da wadda kwamfutocin kaɗai suka sha.

Sai na yi digiri na biyu kafin a kula ni?

Ga injiniyan mataki ko na sanyaya, digirin farko yakan isa. Sashen bincike na cif da batir ne ya fi neman na biyu ko na uku. Kafin ka biya kuɗin makaranta, ka tara tallar aiki ashirin na gurbin da kake so, ka ƙirga nawa ne suka wajabta shi. Ka kuma gyara takardarka ta neman aiki. "Na kula da sashen busarwa" ba ya gaya wa mai ɗauka komai. Rubuta matsalar da ka tarar, da awon da ka ɗauka, da abin da ka canza, da adadin da asara ta ragu.